Zafin Damargu da kumburin batiri

Daga Tanut har Belbeji, batirin litiyom ya shiga wayoyin salula da gidaje masu wutar rana. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, alhali masu ƙera shi galibi sun hana caji sama da 45.

Ko da lafiya lau, ƙwayar batiri takan ɗan kumbura lokacin caji. Shi ya sa ake ɗaure ƙwayoyin manyan batura tsakanin faranti biyu. In ɗaurin ya yi sako-sako, sassan ciki su rabu. In ya tsananta, tantanin tsakaninsu ya lalace, gobara tana iya tashi.

Wanda zafi ya cika wa ciki da iska kuwa, matsi ba ya gyara shi. Jama'a, kada a huda shi: a cire shi, a nisanta shi daga zana da rumbu.