Sauke Ƙaramar Mota Kusa da Ƙasa: Hanya Ce Ke Yanke Hukunci

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai masu ƙananan motoci da suke cire rasor ɗin da masana'anta ta sa, watau murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota bisa ƙafafunta, su maye gurbinsa da wani gajere mai tauri. Kamfanoni irin su Eibach da H&R na ƙasar Jamus sun shahara da ƙera shi. Galibi motar takan sauka da santimita 3 ko 4. A ido wannan ba wani abu ba ne, amma ga mota babban sauyi ne.

Amfaninsa gaskiya ne. Idan nauyin mota ya kusanci ƙasa, ba ta yawan kishingiɗa a kwana, gabanta kuma ba ya dunƙusawa sosai in an taka birki. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta marar rami direba zai ji motar ta ƙara yi masa biyayya.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida. A yawancin ƙananan motoci, irin su Toyota Starlet da ta daɗe tana aikin taksi a Yamai, rasor na gaba yana naɗe ne a jikin amortisar, watau bututun man da ke kashe girgiza. Makaniki zai ɗaga motar bisa kafaffun madogarai, ya cire taya, ya fiddo amortisar da rasor tare. Kafin ya kwance notin sama, wajibi ne ya matse rasor da maƙamshin da aka yi domin haka, gama ƙarfen yana danne da ƙarfin ɗaruruwan kilo. In ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fasa kai. Ana sauya na dama da na hagu tare. Kusoshin da ke ratsa roba kuwa ba a ƙarasa ɗaure su sai motar ta tsaya bisa ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage.

Bayan haka sauran aiki biyu. Saukar mota tana karkata tayoyi, saboda haka dole a sake daidaita ƙafafu, in ba so ake taya ta cinye ta gefen ciki ba. Fitilun gaba ma sai an gyara saitinsu. Tsohon amortisar kuma ba ya daɗewa tare da gajeren rasor, domin filin da yake kai da komowa ya ragu. Shi ya sa a Jamus doka ba ta yarda a hau hanya da irin wannan sauyi ba sai da takardar shaida cewa kayan sun dace da motar. Masu yanke rasor na asali ko su gasa shi da wuta don ya gajarce, araha suka nema wadda ba ta ado: wuta tana kashe ƙarfin ƙarfe, yankakken rasor kuma yana iya ficewa daga mazauninsa ana cikin gudu.

Babbar tambaya ita ce: wace hanya motar za ta bi? Tazarar da ke tsakanin cikin ƙaramar mota da ƙasa ba ta cika wuce santimita 15 ba. In an rage 4, aka ɗauki mutum biyar da buhun hatsi, abin da ya saura kaɗan ne. Tudun rage gudu a mashigar gari, da ramukan damina, da rairayin unguwanni a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, duk suna jiran kwanon man inji da bututun hayaƙi. Kwanon mai in ya fashe direba bai lura ba, cikin mintoci kaɗan inji ya ƙone.

Tarihi ya riga ya ba da darasi. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, aka kuma fara haɗa ta a Kaduna a 1975, ta sami karɓuwa a Afirka saboda ƙwarinta da tsayin cikinta da laushin rasor ɗinta. A wannan shekara ta 1975 ta lashe tseren Safari a ƙasar Kenya, bisa hanyoyin laka da duwatsu.

Saboda haka mai ƙaramar mota ya auna hanyar da yake bi kullum kafin ya auna rasor. In kwalta ce mai kyau tun daga ƙofar gida har wurin aiki, ya nemi kayan ƙwarai da makanikin da ke da kayan aiki. In kuwa hanyar ƙauye ce da kasuwannin mako, kuɗin sun fi amfani wajen sabon amortisar da tayoyi masu kyau, motar ta zauna a tsayin da aka ƙera ta.