Kek Mai Siffa: Yadda Ake Yi Masa Rigar Sukari

A birnin Kano akwai mata da yawa da suke samun na kansu da sana'ar yin kek. Ba ƙaramin kek na gwangwani da ake talla a tasha ba. Wannan babba ne. Ana yanka shi ya fito da siffar mota, ko ƙwallo, ko wani ɗan wasan katun da yara ke kallo a talabijin. Iyaye sukan saya ranar da ɗansu ya cika shekara. Wasu kuma don saukar karatu ko biki.

Abin da ke ba shi kyau shi ne rigar da ake lulluɓa masa. Ƙullun sukari ne mai laushi, ana murza shi kamar za a yi taliya. Masu sana'ar suna kiransa fondan. Matar ƙauye ma tana iya yinsa, ko da ba ta da wutar lantarki. Sai dai kayan suna da tsada. Idan aiki ya ɓaci, jari ne ya tafi.

Kayan ba su da nisa. Kano tana da unguwannin masana'antu uku manya: Bompai, da Sharaɗa, da Challawa. Bompai ce ta fi daɗewa. A nan kamfanin Northern Nigeria Flour Mills yake, wanda aka kafa a 1971, ya kuma yi shekaru yana niƙa alkama. Manoman rani na Kadawa da Kura suna noma alkama da ruwan dam ɗin Tiga, amma yawancin wadda ake niƙawa daga ƙasashen waje take zuwa. Shi ya sa kuɗin fulawa ke hawa da sauka. Tsofaffi ba su manta da 1987 ba, lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama, burodi ya yi wuyar samu. Sai a 1992 aka janye dokar. Mai sayen fulawa da sukari da bota da yawa, Kasuwar Singa za ta nufa.

Kek ɗin da za a yanka

Ba kowane kek ke jure wuƙa ba. Mai laushi sosai rugujewa yake yi. Wanda ake so shi ne mai ɗan nauyi. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: bota, da sukari, da fulawa, da ƙwai, duk nauyinsu ya zama ɗaya. Idan an auna rabin kilo na bota, sai rabin kilo na sukari, rabin kilo na fulawa, da ƙwai 10. A ƙara ƙaramin cokali 2 na bekin hoda.

A fara buga bota da sukari da muciya har su yi fari. A riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa. Fulawa ce ta ƙarshe, a tankaɗe ta, a juya a hankali.

Inda babu oba, babbar tukunya ta isa. A zuba yashi mai tsabta a gindinta, a bari ya yi zafi, a ɗora gwangwanin kek a kai, a rufe. Garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi. Yakan ɗauki kusan awa ɗaya. A soka tsinke a tsakiya. In ya fito a bushe, ya nuna.

Kada a yanka shi a ranar. Kek mai ɗumi ba ya yankuwa. A nannaɗe shi a leda ya kwana.

Mai koyo ta fara da siffa mai sauƙi. Ɓeran nan na katun, Mickey Mouse, wanda Walt Disney na Amurka ya fitar a 1928, kansa da'ira uku ne kawai: babba ɗaya ita ce fuska, ƙanana biyu su ne kunnuwa. A zana siffar a takarda, a yanke, a ɗora a kan kek, a bi gefenta da wuƙa mai kaifi. Ɓurɓushin da ya zuba ba na zubarwa ba ne. A kwaɓa shi da ɗan bota da sukari, a mulmula hanci da shi. Akwai iyayen da ba sa son siffar abu mai rai. Ya kamata a tambaya tun kafin a fara. Mota da ƙwallo ma haka ake yinsu.

Daga nan a buga bota da garin sukari, a shafe kek ɗin duka, shafi marar kauri. Shi ne zai riƙe rigar.

Haɗa rigar

Ana bukatar garin sukari mai laushi, wanda ake kira aisin suga, kilo 1. Sai garin jelatin babban cokali 1 da rabi, ruwa babban cokali 4, gulukos mai kauri kamar zuma rabin kofi, gilisarin na abinci babban cokali 1, da farin bota babban cokali 2. Masu sayar da kayan kek suna da su.

Game da jelatin akwai abin lura. Daga fata da ƙashin dabba ake yinsa, kuma wani na alade ne. A karanta jikin kwalin, a nemi na shanu mai alamar halal. Wannan ma yana cikin amfanin iya karatu.

A jiƙa jelatin a ruwan na minti 5. A ɗora kwanon a cikin ruwan zafi har ya narke, amma kada ya tafasa. A zuba gulukos da gilisarin da bota. A tankaɗe sukari a faranti, a yi rami a tsakiya, a juye ruwan, a yi ta murzawa har ya daina kama hannu. A ɗaure a leda ya kwana.

Launi shi ne wurin haɗari. Challawa da Sharaɗa suna da masana'antun jima da rini, kuma ana sayar da garin rini iri-iri a kasuwa da araha. Wannan na fata ne da tufafi. Ba na ciki ba ne, yana iya cutar da yaro. Launin abinci daban yake, kuma yana da lambar hukumar NAFDAC a jikinsa. Wanda aka ƙulla a leda ba suna ba lamba, a bar shi. Baƙi yana cin launi da yawa har ya yi ɗaci. Dabarar ita ce a fara murza garin koko a ciki, sannan a ɗiga baƙin kaɗan. In ya kwana zai ƙara duhu.

A barbaɗa garin sitacin masara a kan tebur, a murza ƙullun da kwalba mai tsabta. Kaurinsa ya kai kamar tsinken ashana biyu a haɗe. A ɗauka a shimfiɗa a kan kek, a shafa da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, a yanke abin da ya yi saura. Ido da baki ana yanka su daban, a manna da ɗigon ruwa.

Yanayin gari

A nan ne masu koyo suka fi yin asara, domin rigar sukari tana bin yanayi.

Da hunturu iska a bushe take. Ƙullun yakan bushe tun yana kan tebur, ya tsattsage. A shafa farin bota a hannu ana murzawa, a rage sitaci, a rufe duk wanda ba a aiki da shi a leda. A yi sauri.

Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, sukari yana jan ruwa daga iska. Sai rigar ta yi gumi, ta yi danƙo, launi ya zubo. A rage gilisarin, a ƙara sitaci, a aje kek inda iska ke kaɗawa. Mutane da yawa sukan sa shi a firji don su tsare shi. Wannan kuskure ne. Da an fito da shi raɓa za ta kwanta a kansa, baƙin kunne ya gangaro kan fuska.

Da bazara, a watan Afrilu, zafin Kano yakan haura digiri 40. Botan da ke ƙarƙashi ya narke, rigar ta zame. Aikin asuba ya fi, kuma shafin ya zama kaɗan.

Kiyashi kuma ba ruwansa da lokaci. A sa ƙafafun tebur a cikin gwangwanaye masu ruwa.

Idan an soka tsinken tsire don riƙe kunne ko hanci, a ƙirga su, a faɗa wa uwar yaron ko guda nawa ne, ta cire kafin a raba. Waya da allura ba sa shiga kek ko kaɗan. Wajen kai wa mai shi, a sa a kwali mai faɗi, a riƙe a kwance a kan cinya, a ce wa mai a-daidaita-sahu ya bi ramuka a hankali.