Ciwon Kwatangwalo Mai Daɗewa: Wane Hoto Ne Zai Nuna Shi?

A ziyarce-ziyarcen da muke yi a ƙauyukan Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, mun sha haɗuwa da maza da mata waɗanda ciwon kwatangwalo ya hana su sakat. Wani ba ya iya sunkuyawa da fartanya, wata ba ta iya tsugunno gaban murhu, wani kuma sai an kama shi kafin ya hau babur. Da yawa sun sha ƙwayoyin kemis, an yi musu ƙaho da tsaga, wasu har sun je wurin mai ɗori, amma ciwo yana nan. Tambayar da ake yawan yi mana ita ce, "In na je asibiti a yi mini hoto, za a ga abin da ke damuna?" Amsar ita ce, hoto iri-iri ne, kuma kowane da abin da yake iya gani.

Yadda gaɓar take

Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, da guringuntsi mai santsi a tsakaninsu. Ciwon da ya fito daga wannan gaɓa an fi jin sa a matsematsi, yakan kuma gangara gaban cinya har gwiwa. Wanda ake ji a kwankwaso ko ɗuwawu yana sauka bayan ƙafa, sau da yawa daga ƙashin baya yake. Shi ya sa likita yakan fara da tambayoyi, ya duba tafiyar mutum, ya juya ƙafar, kafin ya rubuta hoto. In aka ɗauki hoton wurin da ba shi ne ke ciwo ba, an yi asarar kuɗi.

Hoton ƙashi shi ne na farko

Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, a shekarar 1895. Har yau wannan hoto ne ake farawa da shi, domin ya fi araha, kuma ba ya wuce 'yan mintoci. Mutum zai kwanta rigingine a ɗauki ƙugun duka, don a gwada ɓangaren da ke ciwo da mai lafiya. Sau da yawa akan ƙara na biyu, an tanƙwara gwiwa an buɗe ta waje kamar zaman kwaɗo.

Wannan hoto yana nuna amosanin gaɓa, wato inda guringuntsi ya cinye har ƙasusuwa suka matso juna. Yana nuna tsohuwar karaya, da ɓarnar da tarin tibi yake yi in ya kama gaɓa, domin tibi ba a huhu kaɗai yake zama ba. Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai na ƙashi ya fi na huhu daɗewa ana sha.

Abin da hoton ƙashi ba ya gani da wuri

Nan ne muke so mu ja kunnen 'yan'uwa. Akwai ciwon da jini ke daina isa kan ƙashin cinya, sai ƙashin ya riƙa mutuwa a hankali, daga baya ya lotsa. A ƙasarmu babban abin da ke kawo shi shi ne sikila. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya ce ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara. Yawan shan giya yana kawo shi. Haka ma daɗewa ana shan ƙwayoyi irin su Dexamethasone da Prednisolone, waɗanda wasu ke saye a kasuwa don ƙiba ko ciwon jiki.

A farkon wannan ciwo, hoton ƙashi yana iya fitowa garau alhali ƙashin ya fara mutuwa. Na'urar da ke ganin sa da wuri ita ce MRI. Ita da maganaɗisu take aiki. Mutum yakan kwanta cikin wani bututu kamar rabin awa ba motsi. Tana da ƙara, amma ba zafi. Ba a samun ta a ƙananan asibitoci, kuma kuɗinta ya ninka na hoton ƙashi sau da yawa. Mutanen yankinmu Kano akan tura su, inda akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959.

In an gano ciwon kafin ƙashin ya lotsa, akan ba mutum sanduna don ya rage nauyi a kan ƙafar, wani lokaci a yi ƙaramin aiki na huda ƙashin. In ya riga ya lotsa, sau da yawa sai an sauya gaɓar da ta ƙarfe, aikin da ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka mai sikila da aka ce masa hotonsa lafiya, amma ciwo bai daina ba, kada ya zauna a gida. Ya koma ya tambayi likita ko yana bukatar MRI.

Sauran hotuna biyu

Sikanin da ake yi wa mata masu ciki yana iya nuna ruwa ko mugunya da ta taru a gaɓa, amma ba ya ganin cikin ƙashi. Akwai kuma siti-sikan, mai nuna ƙashi dalla-dalla. Likitocin tiyata sun fi neman sa kafin aiki, kuma haskensa ya fi na hoton ƙashi yawa, don haka ba a yin sa sai da dalili.

Kafin a tafi

Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauki hoto. A cire jigida, makullai, tsabar kuɗi da bel, domin suna rufe ƙashi a hoton. Wanda ke da ƙarfe a jiki, ko harsashi, ko na'urar zuciya, dole ya faɗa kafin ya shiga MRI. A tafi da kwalayen duk magungunan da aka sha. A adana hoton da takardar sakamako inda ruwa da gara ba za su taɓa ba, domin likita na gaba zai gwada tsohon da sabo.

Ciwon da ya kai wata uku ya isa a kai shi babban asibitin Babura ko na Kazaure. Amma kada a jira ko kaɗan in akwai zazzaɓi, ko rama, ko ciwon da ke tada mutum cikin dare, ko tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa.

Muna roƙon dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata su sa ido a kan masu ɗingishi a cikinmu, musamman matasa masu sikila. In an tura ɗan'uwa Kano, a haɗa masa kuɗin mota, a kuma samo wanda zai raka shi ya riƙe masa takardu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.