Tarin Da Ke Ɓoye Sanadinsa

Akwai wani ciwon huhu mai ba likitoci wahalar ganewa, domin ba ya tasowa a lokacin da mutum ya shaƙi abin da ke jawo shi. Mai ciwon asma da ya shaƙi ƙura, nan da nan numfashinsa kan sarƙe. Shi kuwa wannan sai an yi awa 4 zuwa 8 kana ya bayyana. Manomi ya kwashe harawa mai fumfuna da hantsi lafiya lau, sai bayan lisha zazzaɓi da jin sanyi da busasshen tari su rufe shi. Wa zai tuna da harawa?

Ba ƙwayar cuta ce ke cin huhun ba. Garkuwar jikin mutum ce ke ɗaukar ƙurar tamkar abokiyar gaba, ta yi gangamin fararen ƙwayoyin jini a ƙananan jakunkunan iska na huhu har su kumbura. Wannan gangami shi ke cin lokaci.

A 1932 wani likita mai suna Campbell ya ba da bayanin ciwon a tsakanin manoman Ingila masu aiki da ciyawar da aka adana da danshi. A 1965 kuma likitoci a Amurka suka same shi ga masu kiwon tattabaru, waɗanda ke shaƙar ƙurar kashin tsuntsayen da ta gashinsu.

Saboda haka makamin likita na farko shi ne tambaya. Mece ce sana'ar majiyyaci? Akwai tsuntsaye a gida? Yakan ji sauƙi in ya yi tafiya, ciwon ya komo in ya dawo? Daga nan ya saurari ƙirji, inda akan ji ƙara kamar ana murza gashi da yatsu. Hoton ƙirji na yau da kullum yakan fito ba alamar kome, sai an haɗa da hoton siti-sikan. Gwajin jini kan nuna jiki ya taɓa karo da ƙurar, amma masu kiwo da yawa lafiyayyu ma jininsu haka yake nunawa. Don haka wani lokaci akan zura siririn bututu a wanke wani sashen huhu da ruwan gishiri, a ƙidaya fararen ƙwayoyin jinin da suka biyo ruwan.

Haɗarin shi ne in ciwon ya daɗe yakan zo da rama da haki, ya yi kama da tibi. Ana iya wata 6 ana shan maganin tibi a banza, alhali majiyyaci na nan yana share ɗakin tattabarunsa. In an gano da wuri, nisantar ƙurar kan kawo sauƙi. In an makara, huhu kan yi tabon da ba ya gogewa. Duk mai tarin da ya ƙi jin magani, lalle ne ya gaya wa likita aikinsa da abin da yake kiwo, ko da ba a tambaye shi ba.