Kolajen na 6: asalin wani ciwon tsoka na gado

Idan aka haifi yaro jikinsa a sake, ya yi jinkirin zama da tafiya, akan ɗora laifin kan shan inna ko iskoki. Amma wani lokaci abin daga jinin iyaye yake.

A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari mai suna kolajen na 6, wanda ke kewaye zaruruwan tsoka yana riƙe su, kamar yadda ƙasa ke riƙe tubali a gini. Ƙwayoyin gado uku ne ke ba da umurnin ƙera shi: COL6A1 da COL6A2 da COL6A3. In ɗayansu ta samu tangarɗa, sai riƙon ya yi rauni, tsoka ta riƙa lalacewa.

Cuta biyu aka fi sani daga nan. Ta farko, likita Otto Ullrich na ƙasar Jamus ya bayyana ta a 1930. Tana bayyana tun haihuwa: yatsu da wuyan hannu su yi laushi fiye da kima, gwiwa da ƙugu kuwa su sage. Ta biyu, likita Bethlem da abokin aikinsa suka bayyana ta a Holanda a 1976. Ta fi sauƙi, tana tafiya sannu a hankali, har wasu ba su bukatar sanda ko keke sai sun manyanta. A 1996 aka gano alaƙarta da kolajen na 6, ta Ullrich kuma a 2001.

Cutar Bethlem galibi daga uba ko uwa ɗaya ake gadonta. Ta Ullrich kan auku haka kawai, ko kuma idan iyaye biyu lafiyayyu suna ɗauke da ƙwayar. A nan kowane ciki yana da haɗarin kashi 1 cikin 4, tamkar sikila, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan iyaye.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Sai dai motsa gaɓoɓi a hannun masani yana rage sagewa. Babban haɗari shi ne raunin numfashi, musamman cikin barci, don haka wajibi ne likita ya riƙa duba shi.

Abin lura ga iyaye: cutar ba ta taɓa hankali. Yaron da ƙafa ta gaza masa, kansa lafiya lau yake, kada a hana shi makaranta.