Mai Jiran Shago Ya Fi Mai Shago Jin Kasuwa

Ka tambayi masu ƙananan sana'o'i a Minna abin da ke damunsu, daga Bosso har Chanchaga amsar ɗaya ce: jari. Bayan jari sai wutar lantarki, abin takaici a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru. Ban musa ba. Amma na daɗe ina shiga Kasuwar Kure da Kasuwar Gwari, na ga shagunan da aka narka wa kuɗi sun mutu, na ga maƙwabtansu da ba su kai rabinsu jari ba suna nan daram. Sau da yawa abin da ya raba su abu biyu ne, kuma ba a cika sa su a lissafi ba: wa aka bar wa jiran shagon, sannan ko kayan suna canzawa gwargwadon abin da masu saye ke faɗa.

Manyan kamfanoni suna ware wa kowanne sashe guda. Akwai ma'aikatan sayarwa, akwai masu inganta kaya, har a biya wasu kuɗi masu yawa su bi gida-gida suna tambayar mutane me suke so. Mai ƙaramar sana'a ba ya buƙatar wannan ɗawainiya, domin labarin yana zuwa masa har bakin shago kyauta, safe da yamma. Matsalar ita ce wanda ke jin labarin daban, mai yanke shawara daban, kuma ba kasafai suke zama su yi magana ba.

Ina da gwaggo a Limawa mai ƙuli-ƙuli, wadda ta koyi tuya a hannun dangin mijinta Nufawan Bida, kuma kowa ya san a wannan fanni ba a ja da Nufawa. Shekara da shekaru iri ɗaya take yi: manya, masu tauri, a zuba a bokiti. Da ta samu ɗan wuri a Bosso kusa da ɗaliban jami'ar fasaha, sai ta ɗauki wata yarinya da ta gama sakandare ta riƙa jira mata. Ba a jima ba yarinyar ta fara dawowa da maganganu. Ɗalibai sun ce yana neman karya musu haƙori. 'Yan mata sun ce mai yana ɓata musu jaka. Wasu na son mai yaji, wasu kuwa na shan gari suke nema, mai ɗan sukari. Masu tsire biyu sun tambaya ko ana samun dakakke.

"Ke yarinya, tun ba a haife ki ba nake tuya," in ji gwaggo.

"Haka ne, Hajiya. Amma ni suke faɗa wa, ba ke ba."

Gwaggo ta yi fushinta ta huce, sannan ta gwada. Ta murza shi sirara, ta raba mai yaji da mai zaƙi, ta sayo robobi masu murfi, aka liƙa takarda mai lambar waya. Gutsattsarin da a da ake ba jikoki ya zama garin ƙuli na masu tsire da masu kwaɗo. Ba ta ƙara jari mai yawa ba, ba ta sayi inji ba. Gyaɗar nan ce dai, kaskon nan ne dai. Wannan shi ne inganta kaya a matakin talaka, kuma daga bakin mai jiran shago ya fito.

Jihar nan tana da misalin da ya fi na gwaggona girma, kowa ma yana yawo da shi a aljihu: matar da ke bayan takardar naira 20. Ladi Kwali ta tashi tana gina tukwane da randuna da hannu, yadda matan Gwari suka gada. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana da tukwanenta a fada, a can ne Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da juyi, da shafe mai ƙyalli, da gashi a wuta mai tsanani. Ta shiga yin kwanuka da farantai, amma ba ta bar zanenta na kunama da ƙadangare da hawainiya da kifi ba. Randar da aka yi wa wannan shafe ta daina sanyaya ruwa, ta kuma yi nauyi, don haka matar ƙauye ba ta da amfani da ita. Amma wani mai saye ya fito, wanda kallo yake so ba ruwan sanyi ba, har aka baje kolin aikinta a Landan. A nan Minna ta rasu a 1984. Abin lura shi ne kayan sun canza ne saboda an san wanda za a sayar wa.

Haka zancen kaɗanya. Neja na sahun gaba a jihohin da ake tsintar ta, amma an daɗe yawancinta ɗanye ake lodawa a fita da ita. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na wata shida, don a sarrafa su a gida. To, a sarrafa su zuwa me, a sayar wa wa? Man kaɗe a ƙwarya kuɗinsa daban, wanda aka tace aka rage masa wari aka zuba a ƙaramar kwalba kuɗinsa daban. Wadda ke tsaye gaban masu saye ce za ta gaya maka ko warin ne ke korar su, ko taurinsa lokacin hunturu, ko girman mazubin. Kuma duk mai son kayansa su shiga manyan kantunan Abuja, sai ya yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ya nemi lambar NAFDAC, domin ita ce tambayar farko da za a yi wa wanda ya aika.

Jiran shago kuwa sana'a ce, ba zaman kashe wando ba. Minna gari ne na Gwari da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo, tun zamanin da jirgin ƙasa ya tara su. Yaron da ya iya gaida tsohuwa da Nufanci, ya juya ya yi wa ɗalibi Turancin buroka, ya riga ya ci rabin ciniki. Ya san lokacin cewa "albarka" da fara'a yadda mai tayi ba zai tafi ba, ya san inda zai sallama, ya san wa ake yi wa gyara. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 an ƙara masa aiki: na'urar POS, turin kuɗi ta waya, da gane alat na bogi. Yanzu ma shi ke ɗaukar hoton kaya ya ɗora a WhatsApp, ya haɗa saƙo da mai Keke.

Sai dai dubi yadda muke riƙe su. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk shagunan da nake magana a kansu. Don haka abin da maigida ya ga dama shi ne albashi, wani lokaci kuɗin abinci kawai. A ɗauko ɗan ƙanwa daga ƙauye don ba sai an biya shi ba, a ajiye shi ba tare da an nuna masa bambancin wannan atamfa da waccan ba, sannan a yi mamakin ganinsa yana danna waya mai saye na tsaye. Na san masu shago suna tsoron sata, kuma tsoron yana da dalili. Amma maganinta littafi ne da ƙirga kaya a kai a kai, ba matse yaro ba. Wanda ya san yana da la'ada a kan duk katon da ya sayar ba ya barin mai saye ya wuce. Wanda ya san wata rana maigida zai sallame shi da jari, kamar yadda iyayen gida na da suke yi kuma 'yan kasuwar Ibo suke yi har yau, shagon nasa ne tun yanzu. Ba ina nufin ƙananan yara mata da ake ɗora wa faranti a hana su makaranta ba. Wannan talla ba ta cikin abin da nake yabo.

Akwai wata dabara da na gani wurin wani mai kayan masarufi a Tunga. Ya ba yaronsa ƙaramin littafi, duk abin da aka tambaya aka ce babu, ko aka ɗaga aka ajiye da ƙorafi, a rubuta. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci su zauna su duba. Daga littafin nan ya gane cewa mutane sun bar sayen babban gwangwanin madara sun koma ƙullin leda tun da aka cire tallafin mai, ya canza sarinsa kafin maƙwabta su farga.

Alhaji mai shago, Hajiya mai sana'a a cikin gida, ku sayi irin wannan littafi. Ku yanka wa mai jira la'adarsa tun kafin ya tambaya, ku koya masa kayan da kuka ba shi, kuma in ya kawo ƙorafin masu saye ku bar shi ya kai aya kafin ku amsa.