KWANA A BAKIN RUWAN TIGA: BAYANI GA JAMA'AR KANO TA KUDU GAME DA BAƘI MASU YAWON BUƊE IDO

Jihar Kano ba ta da teku, amma Allah Ya hore mana ruwan Tiga, wanda idan mutum ya tsaya a bakinsa da safiyar hunturu sai ya yi ta hange bai ga ɗaya gaɓar ba. Wannan ne ya sa da zarar damina ta ɗauke ake ganin ɗalibai da 'yan sikawut da masu yi wa ƙasa hidima, har ma da magidanta da iyalansu, suna ɗaukar tanti da tabarmi su nufi wannan yanki domin su kwana kusa da ruwan, su wuni suna zagaya gari. Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, musamman hakimai da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi, saboda su ne baƙo ke fara cin karo da su, kuma su ake fara tambaya idan wani abu ya same shi.

Ya kamata mu fara da sanin abin da baƙon ya zo gani, domin sau da yawa ɗalibi kan tambayi ɗan gari tarihin dam ɗin, sai a ce masa "ai tun zamanin Audu Bako ne", maganar ta tsaya nan. Gaskiya ne. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, lokacin da marigayi Audu Bako yake gwamnan Jihar Kano, a daidai shekarun da fari ya addabi Arewa. An datse Kogin Kano ne da bangon ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 6, ruwan da ya taru ya rufe fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan babbar hanyar ruwa take tashi ta shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da tumatir da alkamar da ake lodi daga can, ruwan Tiga suka sha. Wani kaso na ruwan kuma yana bin kogi ya isa matatun da ke ba birnin Kano ruwan famfo. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce, ita ke kula da dam ɗin.

Ba za mu ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Chalawa su zama Kogin Hadeja, kuma tun da aka datse ruwan, ambaliyar da takan jiƙa fadamun Hadeja da Nguru kowace shekara ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa da dama. Ɗalibin da ya zo daga Jigawa ko Yobe yana iya tayar da wannan magana, kuma yana da hujja.

Mai zuwa daga Kano yakan biyo titin Zariya, tafiyar kusan kilomita 70. A hanya zai wuce Bagauda, inda tsohon otal na bakin tafki ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Dam ɗin Bagauda ya taɓa ɓallewa a watan Agusta na 1988 bayan ruwan sama mai yawa, ya yi ɓarnar rayuka da gonaki da gidaje. Dattawan Bebeji ba su manta ba, kuma idan suka hana baƙo kafa tanti a ƙarƙashin bangon dam ko cikin kwari, abin da suka gani da idonsu ne ya sa.

Kafin a kafa ko da turke ɗaya, ƙa'ida ita ce jagoran tawaga ya gabatar da kansa ga dagaci ko mai unguwa, ya faɗi yawan mutanensa da kwanakin da za su yi, sannan a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da ma'aikatan da ke gadin dam. Muna roƙon masu unguwanni su riƙa rubuta wannan a littafi. Ba ƙaramin abu ba ne a wayi gari a ce yaro ya ɓata, alhali babu wanda ya san yara nawa aka zo da su. Wurin kwana kuma a zaɓi tudu, nesa da burtali da mashayar shanu, nesa da gonar da ba a girbe ba. Wutar girki a kashe ta da ruwa kafin a kwanta, domin iskar hunturu ba ta da wuyar kai tartsatsi cikin karan dawa.

Wuni a Tiga da asuba yake farawa. Wanda ya makara ya rasa mafi kyawun abin kallo, wato dawowar masunta da kwalekwalensu, ana sauke karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, mata masu suya da dillalai suna ciniki a bakin gaɓa. Daga nan sai a nemi izinin ma'aikata a hau kan bangon dam, a ga inda ake sakin ruwa zuwa hanyar noman rani. Da rana ta take a shiga gari a yi salla, a ci abinci, a gaida dattawa. Da la'asar a hau duwatsun da ke kewaye, inda aka gina otal ɗin Rock Castle a bisa dutse yana fuskantar ruwa, ko kuwa a leƙa duwatsun Rurum ta ɓangaren Rano. A nan ne amfanin jama'armu yake: mai kifi da mai shayi da mai babur da saurayin da ya iya nuna hanya duk za su samu. Sai dai a yi wa baƙo farashin gaskiya. Wanda aka tsauwala wa ba ya dawowa, kuma zai hana goma zuwa.

Maganar shiga ruwa ita ce ta fi damunmu, don haka za mu daɗe a kanta. Ruwan dam ba kamar kududdufin bayan gari ba ne. Ƙarƙashinsa akwai tsofaffin kwaruruka da kututturan itatuwa da ruwa ya shanye, mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa sai kawai ya zurma. Baƙi daga birni, waɗanda mafi yawansu ba su iya iyo ba, su suka fi ɗokin shiga. Haka kuma kwalekwalen kamun kifi ba a sassaƙa shi don ɗaukar ajin makaranta ba. Dukkanmu muna tune da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga Badau ya nutse a dam ɗin Watari, aka rasa rayuka masu yawa, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Saboda haka muna kira ga sarakunan ruwa da shugabannin masunta da kada su bari a ɗauki baƙo ba tare da rigar kariya ba, kada a wuce adadin da jirgi zai iya ɗauka ko nawa aka biya, kuma kada a tashi bayan faɗuwar rana ko lokacin da iska ta taso.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani da ido, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyayin bakin ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji ba, sai daga baya ya fara fitsarin jini. Wasu iyaye har yanzu suna ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga ga yaro. Ba haka ba ne, cuta ce, tana lalata mafitsara idan ta daɗe, kuma tana da magani a asibiti. Wannan gargaɗi ya shafi 'ya'yanmu fiye da baƙin ma. Ruwan sha a ɗebo daga rijiyar burtsatse ko a tafasa, a kuma kwana cikin gidan sauro.

Wasu tawagogin sukan so su haɗa Tiga da Falgore da Riruwai a wuni guda. Ba mu ba da wannan shawara ba. Hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora a ƙaramar hukumar Kiru, ta bi ta Tudun Wada mai kasuwar shinkafa, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, doguwa ce kamar sunanta. Dajin ya kai kusan murabba'in kilomita 1,000, ya shiga Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma ta cikinsa Kogin Kano yake biyowa kafin ya zuba a Tiga. A shekarun baya ɓarayin shanu da masu satar mutane sun yi sansani a cikinsa, har a 2017 rundunar sojojin ƙasa ta mayar da wani sashensa filin atisaye. Don haka ba wurin kafa tanti ba ne, kuma ba a shigarsa sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun daji. Mai son ganin duwatsun Riruwai da tsofaffin ramukan haƙar kuza, ya ware musu rana ta daban, ya tashi da sassafe, ya fara sauka a sakatariyar ƙaramar hukumar Doguwa da ke Riruwai ɗin, ya kuma tabbatar ya ratso dajin ya fito kafin magariba.

Ranar tashi, muna son mai unguwa ko wakilinsa ya je wurin da aka kwana, a ƙirga mutane a gabansa, a kwashe leda da gwangwani, a rufe ramin bahaya, sannan ya rubuta a littafinsa cewa baƙi sun tafi lafiya.